Tarken Martanin 'Yan Kallo Game da Wasan Talabijin na The ABC Murders

1.0 Gabatarwa

A ranakun 26, 27 da 28 ga watan Disamba na shekarar 2018 ne tashar talabijin ta BBC One ta nuna wani wasan kwaikwayo mai kashi uku mai suna The ABC Murders, wanda Sarah Phelps ta tsara daga ƙagaggen labarin Agatha Christie mai wannan suna da aka fara bugawa a 1936. Alex Gabassi ne ya ba da umarni, John Malkovich kuma ya fito a matsayin babban tauraro, wato Hercule Poirot. Wasan ya raba kan 'yan kallo a Birtaniya, har jaridu suka yi ta ɗauko ƙorafe-ƙorafensu. Wasu sun ce an ci amanar littafin, wasu sun ce an cusa siyasar zamani inda ba muhallinta ba, wasu kuwa fuska da muryar tauraron ne kawai ba su kwanta musu ba.

Manufar wannan maƙala ita ce auna waɗannan ƙorafe-ƙorafe da ma'aunin matanin littafin kansa, domin a rarrabe wanda yake da tushe daga wanda sabo ne kurum ya haife shi. Batun ya shafi manazarta harsunan Nijeriya, domin juya rubutaccen labari zuwa wasan kallo ba baƙon abu ba ne a nan. An mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976 a hannun Adamu Halilu, an kuma nuna Things Fall Apart na Chinua Achebe a talabijin ta ƙasa a 1987. Duk lokacin da aka yi irin wannan aiki, tambaya ɗaya ce take tasowa: wane haƙƙi littafi yake da shi a kan mai juya shi, kuma wane ne yake da ikon karɓar wannan haƙƙi?

2.0 Littafin da Abin da Aka Yi Masa

Zubin labarin Christie a taƙaice shi ne, wani mai kisan kai yana aika wa Poirot wasiƙu da sa hannun A.B.C., yana sanar da shi gari da ranar da zai yi kisa. Ya kashe Alice Ascher, tsohuwa mai shagon taba, a Andover. Ya kashe Betty Barnard, ma'aikaciyar gidan shan shayi, a Bexhill. Ya kashe Sir Carmichael Clarke, attajiri, a Churston. A kowane wuri yakan bar littafin jadawalin jiragen ƙasa da ake kira ABC kusa da gawa. Zargi ya faɗa kan Alexander Bonaparte Cust, wani tsohon soja mai farfaɗiya da yake yawon tallar safar mata. A ƙarshe Poirot ya gano cewa Franklin Clarke, ƙanen Sir Carmichael, shi ne mai laifin. Dukiyar wansa yake so, saboda haka ya ɓoye kisa ɗaya mai dalili a cikin jerin kashe-kashen da suka yi kama da aikin mahaukaci, ya kuma shirya Cust ya ɗauki alhakin.

Phelps ba ta taɓa wannan ƙashin bayan ba. Mai laifi bai canja ba, saɓanin abin da ta yi a Ordeal by Innocence a farkon wannan shekara ta 2018, inda ta ɗora kisan a kan wani tauraro dabam. Abin da ta sauya shi ne duk abin da yake kewaye da zubin. Ta mayar da lokacin labarin daga 1935 zuwa 1933. Ta cire Kyaftin Hastings, abokin Poirot, wanda da bakinsa ne aka ba da mafi yawan labarin a littafi. Sufeto Japp ya yi ritaya, ya kuma rasu tun a kashi na farko, aka bar Poirot da Sufeto Crome (Rupert Grint), matashin da ba ya ganinsa da gashi. Poirot kansa ya tsufa, duniya ta manta da shi, ga gemu a maimakon sanannen gashin bakinsa. Babban sauyin kuwa sai a ƙarshe aka bayyana shi: wai Poirot bai taɓa zama ɗan sanda a Beljiyam ba, limamin cocin Katolika ne wanda sojojin Jamus suka ƙone mabiyansa a cikin coci a 1914.

3.0 Ƙorafin Kamanni da Harshe

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin 'yan kallo shi ne cewa wannan ba Poirot ba ne. Abin lura a nan shi ne, hoton da akasarinsu suke auna Malkovich da shi ba daga shafukan Christie ya fito ba. David Suchet ya yi shekara 24 yana fitowa a matsayin Poirot a tashar ITV, daga 1989 zuwa 2013, cikin wasanni 70, har da wannan labari na ABC a 1992. Tafiyarsa da murmushinsa da yadda yake gyara gashin baki sun zauna daram a zukatan mutane, kamar dai yadda ɗan Nijeriya da ya ga wasan 1987 zai yi wuya ya karanta sunan Okonkwo ba tare da fuskar Pete Edochie ta faɗo masa ba. Masanin adabin nan na Jamus, Hans Robert Jauss, ya daɗe da nuna cewa mai karatu yakan tunkari sabon aiki ne da tsammanin da ayyukan baya suka gina masa. A wannan hali, tsammanin ya ginu ne a kan wasan da ya gabata, sai aka laƙaba masa sunan biyayya ga littafi.

Misali guda zai isa. Wasu sun ji haushin ganin Poirot yana rina gemunsa, har rinin yana zubo masa a gaban mutane, suna ganin an wulaƙanta shi. Amma a babin farko na littafin 1936, Hastings da ya dawo daga gonarsa ta Kudancin Amurka ya yi mamakin yadda furfurar abokinsa ta ragu, Poirot kuwa ya ɗauko kwalbar maganin gashi ya nuna masa. Tsufa da ɓoye shi suna nan a matani tun asali. Bambancin shi ne Christie ta yi raha da abin, Phelps kuma ta mai da shi abin tausayi.

Batun harshe ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ya fi dacewa da hankalin masu nazarin harshe. 'Yan kallo da dama sun koka da lafazin Malkovich, wanda Ba'amurke ne, suna cewa bai yi kama da na mutumin Beljiyam mai jin Faransanci ba. Ko da an karɓi wannan, akwai abin da ya fi lafazi muhimmanci wanda ƙorafin bai kai gare shi ba. A littattafan Christie, gurɓataccen Ingilishin Poirot makami ne. A cikin Three Act Tragedy, shi da kansa ya bayyana cewa yana iya magana da tsantsar Ingilishi in ya ga dama, amma yakan karya harshen da gangan, ya kuma cika baki, domin Ingilishi su raina shi su saki jiki, daga nan sai bakinsu ya suɓuce. Wato surkin Faransanci da yake yi da kurakuran karin magana duk dabarun bincike ne, irin na wanda ya san cewa mai gida ba ya ɓoye sirri a gaban baƙon da yake zaton bai ji ba. Poirot na Malkovich kuwa mutum ne mai ƙarancin magana, mai sanyin murya, wanda baƙuncinsa ya zame masa kaya. Ya daina wasa da rainin da ake yi masa, sai dai ya haɗiye shi. Ke nan an ɗauke wa tauraron hanya mafi kaifi da yake mayar da martani ga masu ƙyamarsa, alhali wasan ya tashi ne domin ya nuna wannan ƙyama. Wannan asara ce ta gaske, kuma da gashin bakin ya dawo ma ba za ta gyaru ba.

4.0 Ƙorafin Siyasa

A cikin wasan, an cika tashoshin jirgin ƙasa da fastocin jam'iyyar 'yan fasist ta Birtaniya, ana kuma nuna wa Poirot ƙiyayya a fili saboda shi baƙo ne. An nuna wasan shekara biyu da rabi bayan ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni 2016 kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, a daidai lokacin da muhawarar ta fi zafi. Don haka wani sashe na 'yan kallo ya ɗauka cewa da su ake, an fake da Christie ana yi musu habaici.

Babu shakka mai tsara wasan tana sane da zamanin da take rubutu a ciki, kuma wanda ya ce bai ga inuwar 2016 a kan wasan ba bai kalle shi da kyau ba. Sai dai zargin cewa an ƙirƙiro abin da babu shi ba zai tsaya ba, ta fuska biyu. Ta fuskar tarihi, Oswald Mosley ya kafa wannan jam'iyya a watan Oktoba na 1932, Hitler ya hau mulki a Jamus a Janairun 1933, kuma a shekarar da littafin ya fito, wato 1936, aka yi arangamar titin Cable a gabashin Landan tsakanin 'yan sanda da masu adawa da jerin gwanon mabiya Mosley. Ta fuskar matani kuwa, Christie ce ta fara shuka irin. Tun a littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles (1920), ta gabatar da Poirot a matsayin ɗan gudun hijira, ɗaya daga cikin mutanen Beljiyam kimanin 250,000 da suka fake a Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A cikin The ABC Murders, wanda aka fara zargi da kisan Andover shi ne mijin matar, Franz Ascher, Bajamushe mashayi. Crome na littafi ma yana yi wa Poirot kallon raini. Daɗin daɗawa, Poirot ya lura da cewa wasiƙun A.B.C. suna ɗauke da izgili ga baƙi, kuma da asirin Franklin ya tonu, zagin da ya fito daga bakinsa na baƙunci ne. Poirot ya rama ta hanyar gaya masa cewa laifin nasa ya saɓa wa halin adalcin da Ingilishi suke tinƙaho da shi.

Saboda haka jigon ƙyamar baƙi na Christie ne. Inda za a iya kama Phelps shi ne wajen sarrafa shi. Abin da littafi ya bari a cikin karin murya da zaɓen kalma, wasa ya rubuta shi da manyan baƙaƙe ya manna a bango, ya kuma maimaita. Mai karatun 1936 shi yake gano rainin da kansa, wataƙila ma ya gano shi a zuciyarsa, tunda yakan yi dariya tare da Hastings kafin ya farga cewa baƙon ya riga kowa gani. Ɗan kallon 2018 kuwa an riga an ware masa miyagu da alama a ƙirji, ba a bar masa aikin yi ba.

5.0 Ƙorafin Duhu da Ƙazanta

An nuna wasan ne a hutun Kirsimeti, lokacin da iyalai suka saba zama tare gaban talabijin, kuma sunan Christie ya daɗe da zama alamar kallo mai sauƙin haɗiya. Abin da suka tarar shi ne gidan haya mai datti, da maruru a wuyan wani ɗan haya ana cikin karin kumallo, da uwar gida Rose Marbury tana sayar da mutuncin 'yarta Lily ga 'yan haya. A littafi, Misis Marbury mace ce ta kirki gwargwado, Lily kuma tana da saurayinta, tausayi ne kawai ya sa ta gargaɗi Cust. Wasu daga cikin waɗannan ƙare-ƙare ba su ƙara wa labarin komai ba illa tayar da zuciya. Amma ba a ce duhun gaba ɗaya baƙo ne ba. Labari ne da aka shaƙe budurwa da ɗamararta a bakin teku, aka kuma sa marar lafiya ya yarda cewa shi ne yake kisa ba tare da saninsa ba. Fitowar Eamon Farren a matsayin Cust ta nuna wannan zalunci fiye da yadda aka saba gani.

6.0 Ƙorafin da Ya Fi Tushe

Akwai ƙorafi na huɗu wanda bai yi ƙara kamar sauran ba, amma shi ne ya fi ƙarfi in an auna. Masu shi sun ce sun kalli wasan binciken laifi wanda binciken ya yi ƙaranci a cikinsa.

Domin a fahimci nauyin wannan magana, dole a tuna irin adabin da littafin ya fito daga ciki. Marubutan wannan fanni a Ingila tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu sun ɗauki labarin bincike a matsayin wasan wasa ƙwaƙwalwa mai ƙa'ida, kusan kamar kacici-kacici. Ronald Knox ya tsara dokoki goma a 1929, waɗanda ruhinsu shi ne kada marubuci ya ɓoye wa mai karatu wata shaida da mai bincike ya gani. Christie ta bi wannan ruhi a nan da gwaninta. Wasiƙa ta uku ta iso a makare saboda an yi kuskure a adireshi, kowa ya ɗauka tsautsayi ne, alhali da gangan aka yi, domin wannan ne kisan da mai laifi ba zai yarda a hana shi ba. Halin Betty Barnard na son samari ya nuna cewa wanda ya ja ta bakin teku da dare mutum ne mai farin jini wurin mata, abin da Cust ba shi da shi. Akwai kuma saɓani tsakanin halin wanda ya rubuta wasiƙun, mai izza da son a san shi, da halin Cust mai tsoro da rashin yarda da kai. Daga waɗannan ne Poirot ya gina hujjarsa, ya tara dangin mamatan ya warware musu ita daki-daki.

A nan ne cire Hastings ya yi ɓarna. Aikinsa a zubin labarin shi ne ya tsaya a madadin mai karatu: ya ga abin da aka gani, ya yi tambayar da mai karatu zai yi, ya yanke hukuncin da bai yi daidai ba, ta haka Poirot ya sami wanda zai yi tunani a gabansa da babbar murya. Littafi yana iya shiga zuciyar tauraro kai tsaye, amma na'urar ɗaukar hoto ba ta ganin tunani sai an furta shi ko an aikata shi, kamar yadda George Bluestone ya yi bayani tun 1957 a nazarinsa na juya littafi zuwa fim. Wasan da ya fi littafi bukatar abokin zance shi ne ya kore shi. Gurbin da aka bari sai aka cike shi da hotunan tuna baya na 1914, waɗanda ake ta maimaitawa gutsure-gutsure har zuwa kashi na uku. Sakamakon haka shi ne wasan ya ƙunshi asirai biyu, na mai kisa da na mai bincike, kuma na biyun ya danne na farko. Ɗan kallo ya ƙare yana tambayar wane ne Poirot fiye da yadda yake tambayar wane ne A.B.C.

Amsar da aka ba shi, wato limancin coci, ita ce wurin da wasan ya yi karo da matani kai tsaye. Kisan farar hula da sojojin Jamus suka yi a Beljiyam a watan Agusta na 1914 gaskiya ne. A garin Dinant kaɗai an kashe mutum 674 a ranar 23 ga wata. Haka kuma Christie ta nuna Poirot Bakatolike ne mai riƙo da addininsa. To amma ta kuma tabbatar da aikinsa na ɗan sanda ba sau ɗaya ba. A littafin 1920, Japp ya tuna aikin da suka yi tare a Brussels a 1904, gajeren labarin nan The Chocolate Box kuma kacokan a kan zamaninsa na ɗan sanda aka gina shi. Wanda ya ƙara abin da marubuciya ta yi shiru a kansa yana da uzuri. Wanda ya mayar da abin da ta faɗa ƙarya ya ɗauki nauyin nuna cewa abin da ya kawo ya fi wanda ya ture amfani. (Limami mai binciken laifi ma ba sabon abu ba ne a wannan adabi, G. K. Chesterton ya riga ya ƙirƙiro Fada Brown tun 1910, kuma shi Knox mai dokoki goma limamin Katolika ne.)

Ko sauyin ya biya kuɗinsa? Akwai abin da ya samar. Ya ba da dalilin da ya sa Crome yake zargin Poirot, tunda an nemi sunansa a takardun 'yan sandan Beljiyam ba a samu ba, ya kuma sa ganawar ƙarshe da Franklin a kurkuku ta ɗauki kamannin zaman mai furta zunubi da limaminsa, sai dai wannan mai zunubin ba tuba ya zo yi ba. Wannan fage yana cikin mafi kyawun abin da wasan ya mallaka. Amma abin da ya rushe ya fi yawa. Poirot na Christie yana bin gaskiya ne saboda ƙwarewa da tsari da ƙin yarda da kisan kai, kuma mutum ne mai jin daɗin rayuwarsa, mai son abinci mai kyau da tufafi masu tsabta da yabon kansa. Baƙo ne da ya zo da hannu biyu ya fi 'yan gida iya aikinsu. Wasan 2018 ya mayar da basirarsa 'yar tabon da yaƙi ya bar masa, ya kuma mai da shi mai shaidar ƙarya a kan sana'arsa. Ta haka, ba tare da niyya ba, ya gaskata wani ɓangare na zargin masu ƙyamarsa, wato cewa baƙon ya shigo ƙasa da labarin da ba nasa ba.

Wani abin da ya kamata a ambata shi ne cewa kamfanin Agatha Christie Limited, wanda yake riƙe da haƙƙin mallakar ayyukanta a ƙarƙashin jagorancin tattaɓa-kunnenta James Prichard, yana cikin waɗanda suka shirya wasan tare da Mammoth Screen. Ta fuskar doka, magada sun yarda. 'Yan kallon da suka yi fushi suna da'awar wani haƙƙi ne dabam, wanda tsawon sabo da tauraro yake bayarwa, kuma ba su ne suka fara ba: lokacin da Christie ta kashe Poirot a littafin Curtain a 1975, jaridar New York Times ta buga labarin rasuwarsa a shafinta na farko kamar na mutum mai rai. BBC ta sake ba Phelps aikin juya wani littafin Christie, The Pale Horse, wanda aka nuna a 2020, kuma babu Poirot a cikinsa.